Babban Yatsan Inna

Shekara ashirin da bakwai mahaifiyata ta yi tana wanke bayin wata ma'aikata mai hawa huɗu, amma cikin minti biyar wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba ta ce babu ita a duniya. A gabana aka yi. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi, don haka mai neman labari mai sanyi ya yi haƙuri, ba a wurina zai same shi ba.

Inna muke ce mata a gida. A wurin aiki kuwa Baba Ƙal-ƙal ce, don ba ta da wata magana sai "bari dai ya yi ƙal". Gajeruwa ce, siririya, in tana tafiya sai ka ce an aike ta ɗauko wuta. Ina da shekara shida ta fara aikin, bayan rasuwar mahaifinmu, da mu uku a gabanta. Motar farko take shiga, ta isa kafin kowa, ta ɗaura tsohon zane a kan kayanta ta kama: bayi goma sha shida, baranda huɗu, matakala tun daga ƙasa har sama, da ƙarfen da ake dafawa in ana hawa, wanda take cewa ya fi masai datti don kowa da irin abin da ya taɓo. Ta san ma'aikatan gidan ta hanyar abin da suke bari a bayansu. Ta san mai zubar da ganyen shayi a wurin wanke hannu, ta san mai manna cingam a ƙarƙashin tebur, ta san babban da ke da digiri uku amma har yau bai gano amfanin igiyar da ake ja a kora ruwa ba. Ba ta taɓa faɗin sunan kowa ba. Sai dai ta ce "wani bawan Allah a hawa na uku", ta yi dariya ta girgiza kai.

Siton masu shara wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakala, ba taga. A ciki ake ajiye jarkoki iri biyu, kuma babu rubutu a jikin ko ɗaya. Akwai fari, wato bilic, akwai shuɗi, ruwan wanke masai mai cin tsatsa. Ɗan kwangilar da ke kawo su shi kaɗai ya san abin da yake yi. Wani watan farin ya zo salam kamar ruwan famfo, wani watan ya zo yana huda tsumma. To da yake babu takarda babu ma'auni, masu sharar gidan sai suka samo nasu ma'aunin. In an tsiyaya a bokiti an surka, sai ki tsoma babban yatsa, ki murza shi da manuniya. In kin ji santsi, haɗi ya yi. In ba ki ji ba, ki ƙara. Inna ce gwanar wannan awo, ita ta koya wa duk wadda ta zo bayanta, har daga wani hawan ake kiranta, "Baba, zo ki taɓa mana." Sau goma, sau ashirin a rana take tsoma yatsan nan, kuma alfahari take yi da shi.

Sai kuma mai kula da su, wanda suka laƙaba wa Hanci. Ban san wadda ta raɗa masa ba, amma Allah ya yi mata albarka. Ƙarfe takwas yake fitowa zagaye, hannaye a baya, takalmi na ƙyalli. Tunda aka kawo shi gidan bai taɓa taka cikin bayi ya duba ba. A bakin ƙofa yake tsayawa, ya tura hanci, ya ja numfashi. In warin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, yau an yi aiki." In bai ji komai ba, ko da tayil ɗin ya zama madubi, ba a wanke ba ke nan. Saboda shi suka ƙirƙiro abin da suke kira haɗin baƙi: a zuba fari, a ɗora shuɗi a kai, wani hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ya tashi, a yi sauri a goge a fito ana tari. Ranar da manya za su zo ake yin sa, kuma a gidan nan manya ba sa ƙarewa.

Ni a gidan burodi nake aiki, ɓangaren kwaɓi, kuma an san ni da baki. Tun ina yarinya na san hannun Inna da kaushi da tsagewa, na san tarin da take yi in ta dawo, na kuma san cewa sai dai mu gaya mata girki ya kama, ita ba ta jin ƙauri. Duk na ɗauka haka tsufa yake zuwa wa talaka. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi, don ni ma da idona a buɗe na yi shekaru ina kallo.

Da aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofar ma'aikatar, kowa ya dangwala ta yi kore, Inna ta dangwala ta yi ja. Aka ce ta goge hannu, ta goge. Aka ce ta hura masa iska, ta hura. Aka yi ta dariya, wani ya ce Baba ta goge duniya har ta haɗa da yatsanta. Daga ƙarshe aka ajiye mata littafi a wurin maigadi tana sa hannu, ta shekara a haka ba wanda ya damu. Sai ga takardar sanarwa an manna a allo. Nan da mako goma za a turo masu tantancewa daga hedikwata don a kakkaɓe ma'aikatan bogi. Kowa zai ɗora babban yatsansa na dama, a gwada da wanda aka ɗauka shekara tara baya lokacin yin katin aiki. Wanda nasa bai dace ba, an cire sunansa. Babu littafi, babu shaida, babu roƙo. Saura shekara uku Inna ta yi ritaya.

Da ƙyar na ja ta zuwa asibiti. Likitar fata, wata mata mai sanyin magana, ta juya yatsan a ƙarƙashin fitila ta ce, "Baba, me kike taɓawa haka?"

Inna ta gyara zama ta shiga bayani dalla-dalla, har da kwatance, yadda ake tsomawa, yadda ake murzawa, yadda ake jin santsi.

Likitar ta ajiye biro. "Baba, kin san mene ne santsin nan?"

"Ƙarfin maganin ne mana."

"Fatarki ce take narkewa. Ita kike murzawa."

Na ga Inna ta kalli yatsan kamar yau ta fara ganinsa. Ni kuwa tashi na yi na fita baranda, don in na tsaya zan faɗi abin da bai dace a faɗa a gaban likita ba. Da na dawo ta ce zanen bai mutu ba, yana nan a ƙasa, zai iya fitowa in an bar fatar ta huta kamar mako takwas. Sharaɗin ɗaya ne, kada fari ko shuɗi ya sake taɓa hannun. Ta ce safar roba tana taimakawa, amma in ta huje ruwan ya shiga ya kwanta a ciki, gara ma babu. Abin da ya fi, a bar ruwan nan gaba ɗaya, har don ƙirjinta.

A gida muka yi ta. Na ce za mu koma sabulu da ruwan zafi da toka da lemun tsami, in kawo mata sodar burodi daga wurin aikinmu, mu sayi binega, ruwan tsamin nan na kwalba.

"Toka?" in ji Inna. "Ni? Ke 'yar nan, ki kiyaye ni. Na baro toka tun ina budurwa. Ina aikin ofis in ɗauki toka a leda in shiga mota, a ce me ya same ni?"

"A ce kina son yatsanki."

"Abin da ba ya wari ta yaya zai kashe ƙwayar cuta?"

"Inna, Hanci ne ya gaya miki haka, shi ma ba wanda ya gaya masa."

"Kar ki zagi mutum yana gaba da ke."

"Ban zage shi ba tukuna."

Kwana shida muna wannan, kwanakin da har yau nake jin ciwon asararsu. Ranar hutuna na tashi na raba bayin gidanmu biyu da alli. Na ce ta wanke rabi da irin nata, amma da dogon burushi, ni in wanke rabi da nawa. Na kwaɓa soda da ɗan ruwa na shafe bakin kwatami, na zuba binega da ruwan zafi a masai na bar shi ya jiƙa, na goge kan famfo da ɓarin lemun tsami, na bi ƙasa da tankaɗaɗɗiyar toka da sabulu. Da ya bushe ta shigo, ta durƙusa, ta leƙa lungu, ta shafa da bayan hannu. Ta daɗe tana neman laifi. Can ta miƙe ta ce, "Waccan kusurwar ba ki kai hannu ba." Daga nan na san ta yarda.

Kuma da Inna ta kama abu, ta kama ke nan. Cikin mako ɗaya ta wuce ni. Ta sa kafinta ya ƙara wa burusanta tsawon mariƙi. Ta gano cewa in ta zuba binega a masai goma sha shidan tun da ta iso, kafin ta gama sharar baranda dattin ya saki da kansa. Ɓarin lemu a bakin tsohon cokali mai yatsu take soke shi don kada tsamin ya taɓa ta. Ta goga sabulun wanki a magogi ya zama gari, tana narka shi da ruwan butar shayin ofis. Tokar kuwa a gwangwanin madara take zuba ta, ta rufe, ta sa a ƙasan jaka, don har lokacin kunyarta take ji. Aikin ya ƙaru da awa guda, kafaɗunta suna ciwo, ta daina zaman hutun rana. Da yamma in shafe mata hannu da man kaɗanya.

Duk ranar Asabar muna da gwaji. Sai ta shafa yatsan a gindin tukunya ya kwashi baƙi, ta danna a bayan wata tsohuwar kalanda, in rubuta kwanan wata a ƙasa. Na farko baƙin dunƙule ne kawai, sumul. Na biyu ma haka. Inna ta ce, "Kin gani ko? Wahalar banza." Na ce ta yi shiru.

A mako na biyun ne Hanci ya tsaya a ƙofar bayin hawa na ɗaya, ya ja numfashi, ya sake ja, bai ji komai ba. Ya hau na biyu, shiru. Kafin azahar takardar tuhuma ta iso hannun Inna, wai ta yi sakaci da aiki, ta yi bayani cikin kwana biyu. Matar da ko ranar da aka yi wa ƙanena aiki a asibiti sai da ta je ta wanke bayin nan kafin ta wuce wurinsa. Na ce zan je in same shi. Ta riƙe min mayafi ta ce in na je ba ta yafe ba.

Ita ta samo mafita, kuma ranar na yi dariya har na riƙe ciki. Ta yayyaga tsumma ƙanana goma sha shida, ta buga ɗan ƙusa a bayan kowace ƙofa daidai tsayin hancin mutumin. Ƙarfe takwas saura kwata sai ta ɗiga fari da murfin jarka a kan kowane tsumma, ta ɗauka da tsinke ta rataye. Washegari Hanci ya tura hanci, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yauwa Baba, kin dawo hayyacinki." Yana sauka ta bi ta kwashe tsummokaran. Haka aka yi ta yi, shi yana shaƙar ƙyalle yana yaba tsafta, bayi kuma yana ƙyalli a gabansa bai taɓa kallo ba.

Abubuwa suka fara canzawa ta inda ba mu zata ba. A bayan ginin akwai wurin da take juye bokitai, fili ne fari fat, ko tururuwa ba ta bi ta nan. Mai kula da furannin gidan ya shuka abu a wurin sau uku yana ƙonewa, har ya haƙura ya ce ƙasar ce ba ta da kyau. A mako na biyar ya tare ta ya ce, "Baba, zo ki ga ikon Allah." Ciyawa ce ta tsiro, har da wani ɗan tumatir da ba wanda ya shuka. Tarinta ya ragu. Wata rana na dawo daga aiki na sunkuya zan gaishe ta, sai ta kama gefen rigata ta kai hanci. Ta ce, "Ashe haka kike ƙamshin burodi?" Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ranar ta fara ji. Na shige ɗaki na yi kukana ba ta gani ba.

A bayan kalanda kuwa, dangwale na huɗu ya fito da wasu 'yan layuka a gefe. Na shida ya nuna lanƙwasa. Na takwas, wallahi, zane ne sosai, zagaye cikin zagaye, da ɗan tabo a tsakiya inda wuƙa ta taɓa yankanta. Inna ta kai takardar bakin ƙofa wurin haske ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe kana nan." Ranar Litinin ta gwada na'urar bakin ƙofar ofis ba da sanin kowa ba, ta yi kore. Ta ce sai da ta waiga ta ga ko da wani a bayanta. Tantancewa ranar Alhamis ce.

Ranar Talata ɗan kwangila ya kawo sababbin jarkoki saboda zuwan baƙi. Aka rasa wurin ajiyewa, Hanci ya leƙa sito da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tarar da na wata biyu a jere, cike, ko murfin wasu ba a fasa ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Inna na ji shi, da la'asar, lokacin da ta shigo gida da hannun dama a naɗe cikin mayafi.

Ya ce mata, "Baba, wata biyu kina yaudarata?"

Ta ce, "Yallaɓai, shiga ka duba da idonka. In ka ga datti ko na ƙwayar gero ne, ka kore ni."

"Ban zo gardama ba. Jibi manya za su zo. Ina so tun daga ƙofar shiga su san akwai tsafta a gidan nan. Haɗin baƙi za ki yi, hawa huɗun duka, yau da gobe, ina tsaye."

"Yallaɓai, manyan nan yatsana za su duba. Likita ta hana ni."

"To ki sa safa mana. Ko kuwa ƙin bin umarni za ki ƙara a kan waccan takardar?"

Yana da takarda ɗaya a kanta, ta biyu tana nufin dakatarwa, wanda aka dakatar kuma ba ya shiga layin tantancewa. Inna ta san wannan, shi ma ya sani. Ta ɗauko safar da na saya mata ta ajiye a gefen bokiti. Ya turo sabuwar jarka da ƙafa, ta tsiyaya, ta surka. Sai ya ce, "Ya ƙarfinsa? Ke ce gwana."

Da Inna ta kawo nan a labarin, sai ta sunkuyar da kai. Na ce, "Inna, kar ki ce min."

"Wallahi 'yar nan ban san lokacin da ya shiga ba. Hannun ne ya riga ni."

Na wannan watan irin mai huda tsumma ne, fatar kuma sabuwa ce, laushi gare ta kamar ta jariri. Ta sa safar a kan jiƙaƙƙen yatsa ta kama aiki. A hawa na biyu safar ta tsage a daidai wurin, ruwan ya shiga ya kwanta. Ta ji, amma mutumin yana tsaye a baranda da hankici a hanci, sai ta ci gaba. Awa biyar. Da na warware mayafin, yatsan ya yi fari ya kumbura, fatar ta tattare kamar takardar da ta sha ruwa.

Ban san da wa zan fara ba. Na zagi Hanci, na zagi ɗan kwangila, na zagi wanda ya ƙera na'ura, sannan, Allah ya yafe min, na juya kan Inna. Na ce wata biyu muna lallaɓa yatsan nan kamar ƙwai, ta je ta tsoma shi don wani ya ce mata gwana. Da na gaji ta ce, "Ɗauko min man nan." Ranar Laraba na hana ta fita, na kulle ƙofa na zauna a bakinta, na aika aka ce ba ta da lafiya. Kafin yamma fatar ta saɓule.

Ranar Alhamis na bi ta, da kalandar a naɗe a jakata. Tun daga ƙofar shiga warin ya tare mu, sauran masu sharar sun ƙarasa abin da ta fara, idon kowa ja. A babban ɗakin taro aka jera mutane. Jami'in da ke kan na'urar mutum ne mai fara'a da tabarau, ya ce, "Bismillah Baba, ɗora nan." Ta ɗora. Ja. Ya ce ta shafa a goshi, ta shafa, na ga ta cije leɓe. Ja. Ya kama yatsan da kansa ya danna, ya juya shi hagu, ya juya dama. Sau biyar na'urar ke bari, sau biyar ta yi ja.

Na shimfiɗa kalandar a kan teburinsa. Na nuna masa dangwale takwas da kwanakinsu, na nuna takardar likita, na ce ya duba na'urar bakin ƙofa ta ranar Litinin. Na ce ya tambayi duk wanda ke cikin ɗakin nan ko akwai wanda bai san matar nan ba. Muryata ta hau, na sani, don layin gaba ɗaya ya juyo yana kallona. Na ce, "Ga ta nan tsaye a gabanka tana numfashi. Bogi yana da ciwon hannu?"

Ya ce, "Hajiya, na gan ta, kuma na yarda da ke. Amma ba ni da wurin da zan rubuta na gan ta. Gida biyu ne a nan, ya dace ko bai dace ba."

Shugaban ma'aikatar ya zo wucewa da baƙinsa. Inna ta san shi tun yana ƙaramin akawu mai riga ɗaya, ita ke ɓoye masa ruwan zafi a kofi. Ya ɗan tsaya ya ce, "Baba, sannu, za a duba, kar ki damu." Ɗaya daga cikin baƙin ya ja hanci ya ce gaskiya gidan nan akwai tsafta, tun daga waje ya ji. Hanci yana bayansu, ya yi murmushi har da ɗan sunkuyawa. Da ba don Inna ta damƙe min hannu da na hagunta ba, da yau wani labarin nake bayarwa.

Bayan mako biyu aka manna sunaye a allon sanarwa, allon da take goge gilashinsa kullum. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san siffar sunanta. Ta gan shi na goma sha ɗaya a jerin waɗanda aka ce babu su. Kuma kun san abin da matar nan ta yi? Ta koma ta ƙarasa hawa na huɗu, ta ɗauraye bokitai ta kife su, ta shanya mofa, ta miƙa wa maigadi makullin sito, sannan ta fito.

Wata biyar ke nan. Na rubuta takarda huɗu, na je hedikwata sau uku, takalmina ɗaya ya tsinke a matakalarsu. Amsar ba ta canzawa, an rufe, a jira zagaye na gaba, kuma ba wanda ya san ranarsa. Hanci ya ce zai rubuta mata shaida, har yau yana neman biro. An ɗauko wata mata a gurbinta, mai kula da furanni ya ce min tuni ta fara tari, ciyawar bayan gini kuma ta ƙone, har tumatirin.

Inna tana gida. Babu fari babu shuɗi a gidanmu, kuma ba za a ƙara shigo da su ba ina raye. Maƙwabta suna zuwa koyon haɗin soda da binega, tana koya musu tana faɗa, yanzu kuma a fili take tankaɗe tokarta. Duk wadda ta zo sai ta ce mata, "Kar ki kuskura ki auna komai da yatsa." Maganar ofis kuwa ba ta yi. Kalandar ma ta ce in ɗauke ta daga inda za ta riƙa gani. Amma har yanzu lokacin motar farko take tashi, ta yi wanka, ta zauna a bakin gado da mayafinta a cinya.

Shekaranjiya da safe na haɗa mata shayi a kofin gilashi. Ta shafa man kaɗanyarta a hannu, ta ɗauka ta sha, ta ajiye kofin a kan taga. Rana ta bugo ta bayansa, sai na gan shi a jikin gilashin, babban yatsan dama, zagaye cikin zagaye, da ɗan tabon wuƙa a tsakiya. Ya fi na kalanda fitowa, ko makaho ya shafa zai ji shi.

Na ce, "Inna, kar ki taɓa! Bari in ɗauko waya in ɗauki hotonsa, gobe in kai musu."

Ta ɗauki kofin ta ɗaga shi sama, ta karkata shi wajen haske, ta dube shi sosai.

"Kai musu su yi me da shi?" in ji ta. "Kofin mutane duk ya yi shaida."

Ta hura masa iska, ta kama gefen zaninta ta goge shi, ta sake dubawa, ta ƙara gogewa har ya yi ƙal.